An nemi jinin yarona mai sikila don binciken DNA, maigida ya ce a'a, in bayar ko in bari?

Wata Hajiya ce daga Daura ta turo mani wannan tambaya, na ɗan taƙaita ta. Yaronta ɗan shekara bakwai yana da sikila, duk wata suna shigowa Katsina ganin likita, sai ran nan wasu masu bincike daga wata jami'a suka same su a kan layi suka ce suna son ɗan jinin yaron da nata da na babanshi in ya yarda, za a duba DNA, a ajiye sauran a firiza, ƙila ma a tura wani ɓangare ƙasar waje. Ita ta so ta sa hannu, maigida ya ce sam, uwar miji kuma ta ce jinin jikanta ba zai ƙetare teku ba tana raye. Shi ne take tambaya wai me ya sa mutanenmu ke gudun abin nan, rashin sani ne ko da gaske akwai abin tsoro, kuma ni da nake cikin aikin, in ni ne zan bayar?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya mai ɗorewa, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya, don wanda bai taɓa kwana zaune da mai sikila ba lokacin hunturu bai san abin da kuke sha ba.

Ni ma'aikacin lab ne, na daɗe a kan benci, kuma na yi yawon ɗibar samfur a ƙauyukan nan namu na wajen Mani da Mashi da Daura ɗin kanta, ni ne mai karanta ma mutane fom da Hausa kafin su dangwala. Toh bari in fara ba ki amsar a dunƙule: in ni ne zan bayar, amma sai an amsa mani wasu tambayoyi tukuna, kuma ba zan yi a bayan idon uban yaro ba. Sannan maigidanki da Hajiya babba ba jahilci ke damunsu ba, wallahi wasu tambayoyin da tsofaffi ke jefo mamu a zaure sun fi na wasu masu digiri kaifi.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne suna ɗauka wannan da gwajin jinotayif da ake yi kafin aure duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Gwajin AA, AS, SS wuri guda kawai yake leƙawa. Shi kuwa karanta DNA gaba ɗaya kamar a ɗauko littafin halittar mutum ne a kwafe shi tun daga bango har bango, haruffa wajen biliyan 3, kuma da zarar an kwafe ya koma fayil a kwamfuta, shi jinin ma ko an zubar da shi fayil ɗin na nan. Mutanenmu hankalinsu na kan kwalbar jinin, wa zai riƙe ta, ina za a kai ta, alhali ni da na san aikin abin da na fi sa ma ido shi ne fayil ɗin, don kwalba ɗaya ce amma fayil ana iya tura shi wuri ɗari cikin dare guda.

Kuma littafin nan ba na yaron ba ne shi kaɗai. Rabi naki ne rabi na babanshi, ita kakar da ke faɗa tana da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a ciki, yayyenshi da ƙannenshi kowa ya yi tarayya da shi a kusan rabi. Kin ga ke nan in kin sa hannu, kin buɗe wani shafi na dangin mijinki ne ba tare da sun sani ba. Fom ɗin da muke amfani da shi an tsara shi ne a kan mutum ɗaya, sa hannu ɗaya, amma abin da ake bayarwa na zuri'a ne. Shi ya sa in tsohuwa ta ce sai an tambaye ta ba na yi mata kallon mai shisshigi, ilimin ma yana bayanta, ko da ita ba ta hanyar ta zo ba.

Yanzu maganar me ya sa ake gudu. Ruwa ba ya tsami banza Hajiya. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada wani magani Trovan a kan yara a Kano, yara wajen 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya masu gwaji ne ba, kamfanin ya ce ya nemi izini kuma cutar ce ta kashe yaran ba maganin ba, aka yi ta shari'a har 2009 kafin aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga inda abin ya taɓo maganarmu: da aka zo biyan diyya sai aka ce sai an yi ma masu nema gwajin DNA a tabbatar su ne dangin yaran, kuma a 2011 iyalai huɗu ne aka fara biya. Ki duba fa, mutane da yawa a Arewa ranar da suka fara jin kalmar DNA, sun ji ta ne a matsayin abin da ake tantance mai gaskiya da maƙaryaci a cikin iyayen da suka rasa 'ya'ya. Ta ina za su so kalmar? Daga nan aka shiga rikicin allurar foliyo na 2003 da aka dakatar da yin ta, Kano ba ta koma yi ba sai tsakiyar 2004 bayan an kawo allurar daga Indonesiya, kuma mu da muka yi aiki a fili bayan wannan mun san ba a Kano kaɗai zancen ya tsaya ba, har cikin lungunan Katsina ya shigo. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ban da wannan akwai abubuwan da nake ji da kunnena. Wasu su ce sayar da jinin ake yi. Wasu su ce tsafi, kuma kar ki yi dariya, mutumin da ya taso yana ganin ana binne cibiya da gashin aski da farce don kar su faɗa hannun mugu, kai kuma ka zo da safar hannu da kula mai ƙanƙara ka ce ya ba ka jini ka tafi da shi inda bai sani ba, ai dole ya yi tunani. Iyayen masu sikila kuma nasu daban ne, cewa suke yaron da kullum ake ce mamu jininshi bai kai ba shi ne za ku ƙara zuƙa? Wannan tambaya ce mai kyau kuma amsarta mai sauƙi, abin da ake ɗiba bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, sau da yawa ma a cikin wanda za a ɗiba na gwajin wata-wata ake haɗawa, wani binciken ma miyau kawai yake so. Amma in yaro na cikin ciwo ko jininshi ya yi ƙasa sosai ranar, ki ce a bari sai wani zuwan, ba wanda zai ce kin yi laifi.

Wani dattijo a wani ƙauye ya taɓa tsare ni da tambayar da har yau ban manta ba. Na gama karanta mashi fom tsaf, ya yi shiru, sai ya ce yaro, in na mutu aka rufe ni, shi wannan jinin nawa da ke cikin firjinku yana nan da rai ke nan? Wa zai gaje shi? Na yi ta kame-kame. Fom ɗin shafi huɗu ne amma ba layi ɗaya da ya yi maganar mutuwa, kuma tun daga ranar in aka kawo mani fom in duba, wurin nake fara nema.

Sai kuma wanda ba a faɗi da baki. Ki gafarce ni, ba gidanki nake nufi ba, amma tunda amsar nan wasu ma za su karanta dole in faɗa. In an ɗebi jinin uwa da uba da ɗa, na'ura za ta nuna in ɗan ba na uban ba ne, ko ba a neme ta da wannan ba. Mutane sun san haka, sun ji labaran gwajin DNA da ke raba aure a kudu a Facebook da rediyo, don haka wani mutumin da ya ce a'a ba wai yana zargin iyalinshi ba ne, gani yake neman jinin ma kanshi cin fuska ne, kamar an ce akwai abin dubawa. Masu bincike na ƙwarai ƙa'idarsu ba sa fitar da irin wannan bayani ga kowa, kuma ya kamata a rubuta haka ɓaro-ɓaro a fom. Ta fuskar addini ma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta zauna a kan maganar a 2002 ta ce ba a kore nasabar da ta tabbata ta hanyar aure da gwajin DNA, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani. Malamai ba su haramta ilimin ba, Saudiyya tun 2004 ta wajabta gwajin sikila kafin aure, Kano ma ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, abin da suka tsare shi ne mutuncin gida. Akwai kuma tsoron tambari, kar a ce gidan wane masu ciwo kaza ne a cikin jini, ɗiya mata su rasa manema. A gari irin Daura da kowa ya san kakan kowa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma sirrin da ke fita ba daga Landan yake fita ba, daga bakin ma'aikacin da ke unguwarku yake fita. Mu ma'aikata mu ji wannan da kyau.

Kar kuma ki ɗauka mu kaɗai ne masu ɗari-ɗari. An yi wani babban bincike da aka buga a 2020, masana daga cibiyar Wellcome ta Ingila suka jagoranta, aka tambayi mutum sama da 36,000 a ƙasashe 22 ko za su ba da DNA ɗinsu da bayanan lafiyarsu. Wajen rabi ne kawai suka ce za su ba likitoci, da aka ce kamfani mai neman riba ne zai yi amfani da shi sai abin ya sauko wajen ɗaya cikin uku, kuma mafi yawansu sun ce ba su ma san kan zancen DNA ɗin sosai ba. Da Jamus da Japan da Amurka duk suna ciki fa. Daga Afirka Masar ce kaɗai aka tambaya, mu ba a zo ta kanmu ba, amma abin da ya fito shi ne dai abin da nake ji a zaure: in likitan da na sani ne toh, in ɗan kasuwa ne a kai kasuwa. Bature ma da wa zai riƙe yake fara tambaya.

Kuma suna da dalili. Akwai wata ƙaramar ƙabila ta 'yan asalin Amurka, Habasufai, a jihar Arizona. Wajen 1990 suka ba masu bincike na jami'ar jihar jininsu don a gano masu dalilin ciwon suga da ya addabe su, daga baya suka gano an yi amfani da jinin an binciki taɓin hankali da auren zumunci da kuma asalin inda kakanninsu suka fito, aka buga cewa daga Asiya suka ƙetaro, alhali su tarihinsu na kaka da kakanni ya ce a cikin kwarin da suke zaune aka halicce su. Sai 2010 aka sasanta, jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar masu da jininsu. Ke da kike Daura ba sai na yi maki dogon bayani ba. A ce kin ba da jini don sikila, bayan shekara biyar ki ji an buga takarda ana cewa jinin Daurawa ya tabbatar ko ya ƙaryata zuwan Bayajidda daga Bagadaza, ana yanke hukunci a kan rijiyar Kusugu da Daurama da jinin ɗanki ba wanda ya tambaye ki. Ko da sakamakon ya yi maki daɗi, ai ba don shi kika bayar ba.

Na kusa-kusa kuma, kamfanin 23andMe na Amurka da mutane ke tofa miyau a kwalba su aika mashi ya gaya masu asalinsu, a 2023 'yan kutse suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7, a 2025 kamfanin ya shiga kotu neman kariyar fatara, sai ga DNA ɗin miliyoyin mutane ya zama cikin kadarorin da ake cinikinsu. Mu ma nan gida an yi 54gene a Legas, an kafa shi a 2019 da burin tattara DNA ɗin 'yan Najeriya 100,000, ya samu jarin miliyoyin daloli, zuwa 2023 ya durƙushe. Kamfani na mutuwa, firiza ba ta mutuwa tare da shi. Sannan maganar da muke yawan yi cewa ai za a cire suna a sa lamba, gaskiya ce kuma tana taimakawa ƙwarai, amma kar a ce maki ta toshe komai, don DNA ɗin kanshi suna ne. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisan mutane da ya ɓace masu shekara da shekaru, ba don shi ya taɓa ba da DNA ba, danginshi na nesa ne suka ɗora nasu a intanet aka bi ta kansu. A nan wurinmu irin wannan rumbun bai yi yawa ba tukuna don haka haɗarin yau kaɗan ne, sai dai yaronki shekararshi bakwai, fayil ɗin kuma zai kai shi tsufa.

Toh duk da wannan me ya sa na ce zan bayar?

Saboda in ba mu cikin littafin, maganin da za a rubuta daga littafin ba da mu za a auna shi ba. A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya wajen kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka duba Turawa ne ko jikokinsu, masu asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba, alhali Afirka ce ta fi ko'ina bambancin halitta tsakanin mutum da mutum. Ɗan abin da aka ɗiba ɗin ma ba namu ba ne. Babban aikin nan na duniya da ake kira 1000 Genomes, daga Najeriya Yarbawan Ibadan ne da mutanen Esan na Edo ke ciki, babu Bahaushe babu Bafulatani babu Babarbare. Sau da yawa in an ce "ɗan Afirka ta Yamma" a takardar bincike, mutumin Ibadan ake nufi, shi ke wakiltar ki da ni. Da shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka ya karanta DNA ɗin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 na Afirka, aka buga a 2020, sai da aka samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba. Mutum 426 fa. Ingila kuwa mutum 500,000 ta tara a rumbunta tun tsakanin 2006 da 2010.

Kuma wannan ba zancen takarda ba ne kawai, yana zuwa har kan gadon asibiti. Akwai wani ƙarancin sinadari na gado a jan jini da muke kira G6PD, yana da yawa a cikinmu musamman maza, shi ne ke sa wani jaririn ya yi shawara mai tsanani in an ajiye kayanshi da kafur, shi ne kuma ke sa wasu magunguna su farfasa jinin mutum. An taɓa yin maganin maleriya mai suna Lapdap don Afirka musamman, a 2008 aka janye shi saboda yana jawo ma masu wannan ƙarancin ƙarewar jini. Haka maganin efabirenz na masu cuta mai karya garkuwa, 'yan Afirka da yawa hantarsu ba ta narkar da shi da sauri saboda wani bambanci na gado, sai ya taru a jiki ya kawo jiri da munanan mafarkai, mutum ya yar da magani a ce mashi mai taurin kai.

Na sikila kuwa shi ya fi shafar ki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Na san kin lura a layin asibiti, yara biyu duk SS, ɗaya kusan duk wata sai an kwantar da shi an ƙara mashi jini, ɗayan sai ya shekara bai kwanta ba. Harafin da ya lalace iri ɗaya ne a jikinsu, bambancin na wasu wurare ne a cikin littafin, babba daga ciki shi ne yawan jinin jarirantaka da jiki ke ci gaba da yi bayan haihuwa, wanda yake da shi da yawa ciwon na yi mashi sauƙi. A 2007 da 2008 masu bincike suka gano makunnin da ke kashe wannan jinin jarirantakar, sunanshi BCL11A, kuma da DNA ɗin dubban mutane da suka bayar kyauta aka gano shi, ciki har da masu sikila. Shekara goma sha biyar bayan nan, ƙarshen 2023, Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke shiga ya taɓa wannan makunnin a ƙwayoyin ɓargon mutum. Waɗanda suka ba da jinin farko ba wanda ya ce masu ga abin da zai fito.

Amma bari in gaya maki mai ɗacin, kuɗinshi a Amurka dala miliyan 2.2 ne mutum ɗaya. Ki lissafa da naira ki ga ko duk zuri'arku da tamu in an haɗa za a biya. Toh in maigida ya ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, mu da ciwo mu da ba da jini su da magani, ban da bakin ce mashi ƙarya yake. Abin da zan iya cewa shi ne ƙin bayarwa ba zai sauko da farashin ba, sai dai ya sa ko ranar da ya sauko a tarar ba a san yadda yake aiki a jikin yaranmu ba. Kuma ba duk bincike ne amfaninshi ke tafiya waje ba, a Kano aka yi gwajin maganin haidiroksiyuriya don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, da likitocinmu na asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, iyaye irinki ne suka yarda aka sa 'ya'yansu, kuma abin da aka gano yaranmu ne suka fara cin moriyarshi.

Don haka in kin koma, kar ki sa hannu a tsaye a kan layi yaro na kuka ana jiran ki. Ki ce a ba ki fom ɗin ki tafi da shi gida, na Hausa, in sun ce babu na Hausa wannan ma amsa ce. Ki nemi ganin shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kowane babban asibiti na da shi kuma akwai na ƙasa a Abuja da ake kira NHREC, takardar na da lamba da kwanan wata da ranar ƙarewa. Ki tambaya sikila kaɗai za a bincika ko an bar ƙofa a buɗe ga duk abin da ya zo nan gaba, don wasu fom ɗin suna da wurin zaɓi, kina iya yarda da na sikila ki ƙi sauran, kina iya yarda a yi gwaji amma ki ƙi a ajiye. Ki tambaya ina za a ajiye, shekara nawa, sunan wa ke kan makullin, akwai rumbun ajiyar samfur a Abuja a cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta IHVN wanda aka gina ƙarƙashin H3Africa, don haka ba dole ne komai sai ya fita waje ba, in kuma zai fita akwai yarjejeniyar da ake sa ma hannu tsakanin cibiyoyin biyu kafin samfur ya bar ƙasa, ki ce kina son sanin da wa aka yi. Ki tambaya kai tsaye ko kamfani zai iya samun bayanan. Ki tambaya in an ga wani abu da ya shafi lafiyar yaron za a kira ku ko ba za a kira ba, mafi yawan lokaci amsar ita ce ba za a kira ba, kuma gara mai gaya maki haka da mai ce maki za a warkar da shi. Duk wanda ya yi maki alƙawarin waraka ko ya nuna in ba ki sa hannu ba za a canza maku fuska a asibiti, ki tashi ki bar wurin, ganin likitan yaronki ba shi da alaƙa da binciken ko kaɗan.

Sai maganar janyewa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa ma hannu a 2023 ta sa bayanan ƙwayoyin gado cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma ta ba mutum damar janye yardarshi. Amma ki gane yadda abin yake a aikace, in kin janye za a zubar da jinin da ya rage a goge fayil ɗin da ke hannunsu, wanda aka riga aka yi lissafi da shi aka buga kuwa ya tafi. Ki karɓi lambar wayar da za ki kira, ta ofis ba ta yaron da ya zo ɗibar jini ba, don shi wata shida ma ƙila ya tafi bautar ƙasa. Ki kuma tambaya in yaron ya kai shekara 18 ko za a neme shi a ji ta bakinshi, tunda littafin nashi ne mu wakilai ne kawai. Ko yanzun ma ɗan shekara bakwai ba ƙaramin yaro ba ne wurin allura, masu sikila sun fi mu sanin sirinji, a gaya mashi da bakin da zai gane.

Kuɗin mota da ɗan lemo da ake bayarwa ba kuɗin jini ba ne, na ɓata lokacinku ne. In kuɗin ya yi yawa har ya sa kin ji ba za ki iya cewa a'a ba, toh nan ma ki tsaya ki yi tunani.

Shi kuma maigida, shawarata kar ki tsaya gardama da shi a kan kimiyya, kar kuma ki kai mashi wannan rubutun ki ce ga shi masana sun ce. Ki ba shi fom ɗin ya karanta da kanshi, ki roƙe shi wata mai zuwa ya rako ku Katsina ya zauna da shugaban binciken, ba yaran da ke riƙe da fayil ba, ya yi mashi duk tambayar da ke ranshi har da waɗanda ba zai yi a gabanki ba. Na sha ganin mutumin da ya ce sam a gida, da aka ba shi kujera aka yi mashi bayani a matsayinshi na uba sai ya miƙa hannu ya ce a fara da nashi, don da ma abin da ya ɓata mashi rai shi ne an tari matarshi a layi an nemi jinin gidanshi shi ba a neme shi ba. Na kuma ga wanda ya saurara tsaf ya yi godiya ya ce bai yarda ba, muka yi musabaha ya tafi, yaronshi kuma ya ci gaba da ganin likita kamar kullum. In ya tsaya a kan a'a ki bar maganar, kina iya tambayar su ko naki ke kaɗai zai yi masu amfani, shi ma da saninshi. Ita kuwa Hajiya babba ki tambayo mata abu ɗaya, ko akwai wurin da za a yi alama a fom cewa samfurin yaron ya tsaya a Najeriya. Wasu binciken suna da wannan akwatin, yawanci a shafin ƙarshe ne dab da wurin dangwale, kuma masu karantawa in sun gaji can ne suke tsallakewa, sai ki sa yatsa a kai ki ce a karanta maki.